Ganuwa: Yadda Muka Gina Wasan Sarauta da Kwali Biyu na Karta

Sharaɗin da muka gindaya wa kanmu tun farko shi ne ba za a buga sabon kati ba, kuma ba za a nemi abin da babu shi a shagon unguwa ba. Kwalin karta na yau da kullum mai kati 52 da joka biyu, wake a gwangwanin madara, takarda da biro, shi ke nan. Abin da ake nema wasa ne na mutum biyu zuwa huɗu, kowa ya kafa gari, ya ciyar da talakawansa, ya tsare iyakarsa, a tashi kafin awa ɗaya ta cika. Ba a zuba ko sisi. Gidaje da yawa da an ga karta sai a ce caca, kuma suna da hujjarsu. A nan maki ake rubutawa a takarda, wanda ya ci ba ya tashi da komai sai cika baki.

Kartar Whot da aka fi sani a Najeriya ba ta dace da wannan aiki ba, don ba ta da hotunan sarakai, kuma yawan katin kowane iri a cikinta ba ɗaya ba ne. Mai 52 kuwa da fadarta ta zo. Kartar da ta shiga Turai wajen shekarun 1370 daga Masar ta zamanin Mamluk ta fito, kuma tun a can kowane iri yana da sarki da mataimaka biyu a kan lambobi goma. Rabin aikin ke nan an riga an yi: iri huɗu, kowanne da ɗaya zuwa goma, da manya uku a sama.

Raba wa kowane iri aikinsa bai ɗauki lokaci ba. Mai zuciya shi ne jama'a, wato unguwanni. Daiman kasuwa. Baƙin nan mai ganye uku gona. Ɗaya baƙin mai kama da kan mashi shi ne mayaƙa da ganuwa. Daga nan har ƙarshe da waɗannan sunaye muke kiransu: unguwa, kasuwa, gona, mashi. Katin A yana matsayin ɗaya.

Tsarin farko da kwali ɗaya aka yi shi, kuma kowane kati yana ba da amfani daidai lambarsa: gona mai goma ta ba da wake goma, unguwa mai bakwai ta ci bakwai. Abu biyu suka kashe shi. Lissafin ya yi nauyi, ana tara 9 da 7 da 4 a cire 13, kowa ya sunkuya yana ƙirga wake maimakon ya dubi garin maƙwabcinsa. Na biyun ya fi muni: wanda aka raba wa goma biyu a hannun farko ya riga ya ci, sauran rakiya suke yi. Tazarar da ke tsakanin A da 10 ninki goma ce, babu dabarar da za ta cike ta.

Maganin shi ne matse lambobin zuwa daraja uku. Daga A zuwa 4 daraja ɗaya, daga 5 zuwa 8 daraja biyu, 9 da 10 daraja uku. Duk abin da gini yake bayarwa ko yake ci, da daraja ake auna shi. Lambar da ke jikin katin ba a jefar da ita ba, ita ce farashi. Mai son gina 7 sai ya zubar da wasu katuna daga hannunsa waɗanda jimlarsu ta kai bakwai ko ta wuce, ko wane iri ne, kuma babu canji: wanda ya biya ginin 3 da katin 10 ya yi asarar bakwai. Daga wannan ƙa'ida ɗaya wani abu ya fito wanda ba mu shirya shi ba, kuma shi ne ya ba wasan ɗanɗano. Tunda 5 da 8 duk daraja biyu ne amma farashinsu daban, 5 katin gini ne, 8 kuɗi ne. Haka A da 9 na gini ne, 4 da 10 na biya. Sai ya zama babu katin banza. Mai hannu cike da ƙananan lambobi yana gini da sauri da arha, mai manya yana da kuɗi amma kowane gini na cinye masa kati mai tsada.

Kwali ɗaya bai ishi mutum huɗu ba. Idan aka cire manyan nan masu hoto, K da Q da J, kati 40 suka rage, goma ga kowa, alhali gari ɗaya yana buƙatar gini takwas ban da abin biya. Da kwali biyu ana da 80: ƙanana 32, matsakaita 32, manya 16.

A kan siffar gari muka fi daɗewa. An gwada jera gine-gine a layi ɗaya, sai ya zama tari ne kawai, inda ka ajiye kati ba ya canja komai. Abin da ya zauna shi ne gida tara, uku sau uku. K yana tsakiya, shi ne fada, gidaje takwas suna kewaye da shi. Idan aka bar fada gefe, kowane gida a cikin takwas ɗin maƙwabta biyu gare shi, ɗaya ta kowane ɓangare, wato zobe ne. Daga wannan zobe wasan ya samo sunansa, don haka biranen ƙasar Hausa suke a da, fada a ciki, ganuwa a kewaye, gonaki da unguwanni da kasuwa duk a cikinta. Ta Kano, bisa tarihin sarakunanta, Gijimasu ne ya fara ta a tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi. Wani sauƙi da aka samu: kati yana da faɗin kusan santimita 6.3 da tsawon 8.8, uku sau uku ke nan bai kai 19 a faɗi da 27 a tsawo ba, ya shiga cikin farar takarda A4. Kowa sai ya zana gidajensa tara a takarda ɗaya. Muna kiran gidajen da jihohi, arewa, gabas, kudu maso yamma da sauransu, don mai kai hari ya faɗi inda ya nufa ba tare da ya miƙa hannu cikin garin wani ba.

Maƙwabtaka ita ce ta sa zoben ya yi aiki. Gona da ke jikin unguwa tana ƙara wake ɗaya, don ta samu manoma. Unguwa da ke jikin kasuwa tana ƙara maki ɗaya. Mashi yana tsare kansa da gidaje biyu da ke gefensa. Ƙarin sau ɗaya ne ko da unguwa ce ta kowane gefe. Lissafin tsaro a fili yake: mashi biyu suna rufe gida shida, sai da uku ake rufe takwas duka. Wanda ya zuba mashi uku ya bar wa kansa gida biyar kacal na noma da jama'a da ciniki, ga bakin mayaƙa uku da zai ciyar. Kusan kowa biyu yake ginawa ya bar kafa, kuma rabin wasan neman kafar maƙwabci ne.

Idan wasa ya zo kan mutum, aiki biyu yake yi daga cikin biyar, kuma yana iya maimaita ɗaya: ya ɗauki kati, ya yi gini, ya gyara kufai (ginin da aka kife), ya naɗa sarauta, ko ya kai hari. Ɗauka ana yin ta daga kati biyar da ke buɗe a tsakiya, ko daga saman tuli a kife. Wanda aka ɗauka daga buɗaɗɗun nan take ake maye gurbinsa daga tuli. Dalilin buɗaɗɗun lissafi ne. A kati 80 gona 20 ce, kuma yiwuwar a raba wa mutum biyar babu gona ko ɗaya kusan kashi 23 cikin 100 ne. A zama na mutum huɗu wannan ba abin mamaki ba ne, abin da za a riƙa gani ne, kuma wanda ya fara babu gona ba shi da hanyar fita idan sa'ar tuli kaɗai ya dogara da ita. Hannu ba ya wuce kati shida, abin da ya haura sai a zubar a ƙarshen wasan mutum.

Kasuwannin da mutum ya gina suna rage masa farashi daidai jimlar darajarsu. Mai kasuwa 2 da kasuwa 6 yana da ragi uku, ginin 9 ya dawo shida, A zuwa 3 kyauta. Da farko babu iyaka, sai ga mai kasuwa biyu manya yana gina kusan komai ba tare da ya zubar da kati ba. Yanzu ragin kasuwa ba ya wuce huɗu. Irin sarkin mutum ma yana da nasa: gini na irin K ɗinka ana rage masa biyu. Wannan ya isa ya karkata kowane gari wani ɓangare ba tare da ya ɗaure shi ba.

Sai agogon wasa. Shekara huɗu ake yi. Ƙayyade shekara da zagaye uku ya sa kowa ya san ranar girbi, sai a jinkirta gina gona har zagayen ƙarshe, abin ya zama lissafin ɗan makaranta. Aka koma cusa K huɗu na kwali na biyu cikin tulin gaba ɗaya, duk wanda ya fito shekara ta ƙare. Nan kuma sukan fito a jere, shekara biyu su wuce kafin kowa ya gina gida uku. Abin da ya yi daidai shi ne kowace shekara da tulinta. Ana ƙirgo kati huɗu ga kowane ɗan wasa daga babban tuli, 16 ke nan ga mutum huɗu, 12 ga uku. A cire uku na ƙasa, a haɗa su da K ɗaya, a cakuɗa huɗun, a mayar ƙarƙashi. A zama na mutum huɗu, kati 13 na farko lafiya lau. Daga nan yiwuwar K ɗaya cikin huɗu ce, sai ɗaya cikin uku, sai rabi, sai tabbas. Da ya fito, mai wasa ya karɓi wani katin daga babban tuli a madadinsa, ya ƙarasa aikinsa biyu, a tsaya. K ɗin a ajiye shi gefe a buɗe, yawansu shi ne ƙirgen shekaru.

Kyawun wannan tsari shi ne shekara ba ta tafiya sai an ɗauki kati, wato agogon yana hannun 'yan wasa. Wanda gonarsa ta kammala yakan ɗauka sau biyu don ya jawo girbi kafin maƙwabci ya shirya. Wanda bai shirya ba yakan nemi kowane aiki ban da ɗauka. An taɓa sa aiki na shida, mutum ya karɓi wake ɗaya a madadin komai, sai ya zama maɓoya, kowa yana tara wake tuli yana zaune, shekara ta ƙi ƙarewa. An cire shi. Wanda ba shi da sauran aiki dole ya ɗauka, ko da zai zubar.

Ƙarshen shekara yana da tsari, kuma bin sa daki-daki wajibi ne. Girbi tukuna, sai ciyarwa, sai haraji. Kowace gona tana ba da wake daidai darajarta, da ƙarin ɗaya idan tana jikin unguwa. Fada tana cin ɗaya kuma ita ce ta fara ci, kowace unguwa tana cin darajarta, kowane mashi ɗaya, kowane mai sarauta ɗaya. Gona da kasuwa ba sa ci. Unguwar da ta ƙoshi tana ba da maki daidai darajarta, da ƙarin kasuwa idan akwai. Abin da ya rage a rumbu ba ya wuce shida, sauran ya koma gwangwani.

Yawan amfanin gona shi ne lambar da aka fi juyawa. Da daraja kaɗai babu ƙari, kowa yunwa yake yi tun shekara ta biyu, ba mai yarda ya gina babbar unguwa. Da aka ninka darajar sau biyu, wake ya yi yawa har ba wanda yake duba rumbu. Daraja da ƙarin ɗaya ita ce ta tsaya a kan gaɓa. Cikakken gari mai matsakaitan gonaki uku duk a jikin unguwa yana girbe tara, kuma manyan unguwanni biyu da mashi biyu da fada suna cin tara daidai. Ko ƙwaya ba ta saura. Haka ake so.

Ga misalin gari a ƙarshen shekara ta biyu. Gona 5 a arewa, unguwa A a arewa maso yamma, unguwa 6 a arewa maso gabas, kasuwa 2 a gabas, mashi 9 a kudu maso gabas, wake uku a rumbu. Girbi uku ne, biyu na daraja da ɗaya na manoma, rumbu ya zama shida. Fada ɗaya, unguwa 6 biyu, unguwa A ɗaya, mashi ɗaya, biyar ke nan, saura ɗaya. Maki huɗu: uku daga unguwa 6 saboda kasuwar da ke jikinta, ɗaya daga A. A ido garin yana da kyau, amma duba inda mashin yake. Kasuwa yake tsaro da wani fili da babu komai a kudu, gona ɗaya tilo da ke ciyar da kowa tana arewa ba mai gadinta. Duk maƙwabcin da ke da ido can zai nufa.

Wanda wake bai ishe shi ba shi zai zaɓi wanda zai kwana da yunwa. A kife katin, ya zama kufai: ba ya ci, ba ya bayarwa, ba ya amfanar maƙwabci. Gyaransa aiki ɗaya ne da wake biyu, ko a gina sabon kati a kansa. Masu wayo suka fara gina mashi su kai hari da shi, su bar shi ya mutu da gangan a ƙarshen shekara don kada su ciyar. Saboda su aka ƙara cewa kowane katin da yunwa ta kife yana cire maki ɗaya.

Joka biyu suna da gurbinsu. Ɗaya ana cakuɗa shi cikin katunan sama na tulin shekara ta biyu, shi ne ayarin fatake: da ya fito a kwashe buɗaɗɗun biyar a zuba sababbi daga babban tuli. Ɗayan yana cikin na shekara ta uku, shi ne fari, girbin wannan shekara rabi ne, a zubar da ɓari. Ba a ɓoye wa kowa cewa farin yana shekara ta uku. Da aka bar shi ya faɗo ko yaushe, wanda ya same shi ba shiri sai ya ga zalunci ne. Da aka sanar da shi, sai ya zama jarrabawa ce ta wanda ya san ajiya, kuma hare-haren ƙarshen shekara ta biyu suka koma kan rumbu.

Yaƙi shi ne ɓangaren da ya fi saurin ɓata wasa irin wannan. A tsarin farko wanda ya ci hari yana ɗauke katin ya kai garinsa. Mai ƙarfi ya ƙara ƙarfi, wanda aka ci ya ƙara rauni, uku su taru a kan ɗaya, shi kuma ya zauna rabin awa yana kallon wasan wasu. Yanzu ga yadda ake yi. Babu hari a shekara ta farko. Mai hari dole yana da mashi aƙalla ɗaya a garinsa. Ya faɗi gari da gidan da ya nufa, ya ajiye mashi ɗaya daga hannunsa a kife. Mai gari yana iya ajiye kati ɗaya a kife, ko wane iri. A buɗe tare. Ƙarfin hari shi ne lambar katin da ƙarin ɗaya ga kowane mashi da ke tsaye a garin mai harin. Ƙarfin tsaro shi ne lambar mashin da ke gadin gidan, mafi girma idan biyu ne, da lambar katin hannu idan mashi ne. Idan ba mashi ba ne bai ƙara komai ba, ya koma hannun mai shi. Kunnen doki na mai gari ne.

Wanda ya ci hari yana kife gidan, ya kwashi wake biyu daga rumbun mai garin, ya rubuta maki ɗaya. Idan ya faɗi, shi zai ba da wake ɗaya. Mashin da aka fito da shi daga hannu, na hari ko na tsaro, zubar da shi ake yi ko an ci ko ba a ci ba. Sannan wanda aka kai wa hari yana karkata K ɗinsa a kwance, ba mai sake taɓa shi har wasa ya zo kansa. Wannan ƙaramar ƙa'ida ita ce ta hana taron dangi.

A yaƙi kaɗai lambar mashi take aiki kai tsaye, shi ya sa farashinsa yake da ma'ana. Ganuwa mai 9, idan mai hari yana da mashi ɗaya a gida, sai 9 ko 10 ke karya ta, kuma a kwali biyu irin waɗannan huɗu ne, ɗaya shi ne ganuwar kanta, saura uku. Ganuwa mai 5 kuwa har kati 11 ke iya karya ta. Mai ƙirga abin da aka zubar yana iya sanin lokacin da babbar ganuwa ta zama ba ta karyuwa, don haka tulin zubarwa a buɗe yake, kowa yana da damar dubawa.

J huɗu na kwali ɗaya su ne masu sarauta, ana jera su a buɗe gefen tsakiya. Naɗi yana buƙatar gini biyu na irin a tsaye, da zubar da kati ɗaya na irin daga hannu. J na mashi Madawaki ne, yana ƙara biyu a kowane hari. J na zuciya Galadima, yana ƙara biyu a tsaron kowane gida har wanda babu mashi a jikinsa. Sarkin Kasuwa yana musanya kati ɗaya na hannu da ɗaya daga buɗaɗɗu sau ɗaya a kowane wasa ba tare da an ƙirga shi aiki ba. Sarkin Noma yana faɗaɗa rumbu zuwa goma. Suna zama gefen takarda, ba sa cin gida a zobe, amma suna cin wake, kuma wanda aka bari da yunwa yana komawa tsakiya kowa ya iya naɗa shi. Q huɗu kuwa Magajiyoyi ne, ba a sayensu. A ƙarshen kowace shekara wanda ya fi jimlar daraja a wani iri shi ke karɓar Q ɗin irin da maki ɗaya. Idan aka yi daidai tana zama inda take. Sauran J da Q na kwali na biyu suna komawa kwali.

Akwai kuskuren sayayya da ya kamata a kauce masa. Hankali yakan ba mutum ya sayi kwali biyu masu bayan launi daban don sauƙin rabawa bayan wasa. Amma K huɗu na shekara duk daga kwali ɗaya suke, to idan bayansu shuɗi ne, duk sanda jan baya yake saman tuli kowa ya san ba K ba ne, fargabar ƙarshen shekara ta tafi. A sayi iri ɗaya, a ɗiga ɗan tabo da biro a kusurwar fuskar kowane kati na kwali ɗaya. Haka idan K ya lanƙwashe ko gefensa ya yi datti har ana gane shi ta baya, a musanya shi da na fada. Mai rufin leda ta fi ta takarda zalla jure wannan. Idan a tabarma ake yi ƙarƙashin fanka, ɗan dutse a kan kowane tuli.

Shimfiɗar farko ke nan a taƙaice: kowa K ɗaya a tsakiyar takardarsa, kati biyar a hannu, biyar a buɗe a tsakiya, J da Q a jere, tulin shekara a shirye. Na farko da na biyu wake uku-uku, na uku da na huɗu huɗu-huɗu, don masu farawa suna riga zaɓar buɗaɗɗu. Kowace sabuwar shekara a kwashe buɗaɗɗun a zuba wasu, kuma mai mafi ƙarancin maki shi ke farawa. Wajen shekara ta uku babban tuli yakan ƙare, sai a cakuɗa na zubarwa ya zama sabo. Bayan harajin shekara ta huɗu kowane gini da ke tsaye maki ɗaya ne, wanda zobensa ya cika takwas babu kufai ya ƙara uku, kowane wake uku a rumbu maki ɗaya. Idan maki ya zo ɗaya, mai yawan wake ya ci.

Na mutum biyu kwali ɗaya ya wadatar. Kati 40, tulin shekara takwas-takwas, K biyun da suka rage su yi aikin shekara sau bibbiyu. Buɗaɗɗu huɗu ake sa wa ba biyar ba, don idan garuruwa sun cika 16 kuma hannaye sun riƙe 12, da biyar a tsakiya bakwai ne za su rage, tulin shekara ba zai cika ba. Karkata K yana nan, a wannan zama ma'anarsa ba a kai hari biyu a jere a wasa ɗaya. Ƙarin Madawaki kuwa ana mayar da shi ɗaya, saboda mashi goma kacal ke cikin kwalin kuma babu mutum na uku da zai ja masa birki.

Ciniki tsakanin 'yan wasa an bar shi a buɗe amma da iyaka: ana iya ba da wake ko a karɓa a kowane lokaci, ba a musayar kati, kuma alkawari ba ya ɗaure kowa. Musayar kati ce aka hana saboda mutum biyu kan haɗa kai ɗaya ya tura wa ɗaya duk manyan katunan mashi, wasan ya koma biyu a kan ɗaya. Wake kuwa kowa yana ganinsa a rumbu, wanda ya biya gaisuwa don a ƙyale gonarsa kowa ya san nawa ya biya, kuma ya san an karɓa ba lalle a ƙyale ba. Sabon ɗan wasa a koya masa gini da ciyarwa kaɗai a shekara ta farko, tunda dama babu hari a cikinta, a bar bayanin yaƙi da sarautu sai K na farko ya fito.